Almubazzaranci, israfi, facaka, wadaƙa: wai duk abu ɗaya ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Jos, kuma ina ɗan taɓa rubuta labarai da sharhi da Hausa a shafina na Facebook. Matsalata kullum in zan yi maganar ɓarnar kuɗi almubazzaranci ce kawai ke zuwa min, har na gaji da maimaita ta. Wata ƙawata ta ce in dinga sauyawa da israfi ko facaka ko wadaƙa ko bushasha wai duk ɗaya ne, wani kuma ya ce har almundahana ma ta shiga ciki. Dan Allah haka ne? Kuma a ina ake sa kowacce?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara basira. In na fahimce ki da kyau abu biyu kike nema, kalmomin da za ki dinga canzawa da su dan kar rubutunki ya gunduri mai karatu, sannan kina so ki san ko canjin zai taɓa ma'ana. Toh zai taɓa kam. Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya, kalmomin 'yan gida ɗaya ne amma kowacce da halinta, shi kuma wanda ya cusa almundahana a cikinsu gaskiya bai yi daidai ba ko kaɗan, kuma a kan tasa maganar zan fi daɗewa dan ita ce ta fi cutarwa. Ni aikina koyar da Hausa ne da fassarar labarai, kuma abin da aikin ya koya min shi ne kowacce kalma a cikin waɗannan tuhuma ce ake yi wa mutum, tuhumar kuma ba iri ɗaya ba ce. Wata tana cewa ya wuce ƙima, wata tana cewa bai san zafin nema ba, wata tana cewa dan a gan shi yake yi, wata kuma ɓarawo take kiran shi kai tsaye. Kinga kenan kafin ki zaɓa sai kin san da me kike tuhumar shi.

Biyun da suka zo mana daga Larabci

Almubazzaranci daga almubazzir take, Hausa ta ɗauko ta har da al ɗin gabanta kamar yanda ta yi a alƙalami da alƙali da albasa, sannan ta liƙa mata ɗafin nan na ƙarshen kalma mai nuna hali, irin na munafunci da zalunci. Namiji almubazzari, mace almubazzara, jam'i almubazzarai. Tushen kalmar a Larabci watsa iri ne, wato mutum ya ɗebi iri ya yi ta watsawa ko ina ba tare da ya duba inda yake faɗawa ba, kuma abin sha'awa mu ma da kanmu muna da wuce gona da iri. A Alƙur'ani tana cikin Suratul Isra'i aya ta 26 da 27, inda aka yi umarni a bai wa dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu, aka hana bazzarar da dukiya, aka ce masu yin haka 'yan'uwan shaiɗanu ne. Shi yasa kalmar take da nauyi a kunnen Bahaushe, in kika kira mutum almubazzari ba ƙaramar magana kika yi ba.

Israfi kuma ƙetare iyaka ne. Ayar da kowa ya haddace ita ce ta Suratul A'araf aya ta 31, ku ci ku sha kada ku yi israfi. A Suratul Furƙan aya ta 67 kuma an yabi bayin Allah da cewa in za su ciyar ba sa israfi ba sa ƙuntatawa, tsakiya suke bi. Bambancin da malamai da yawa suke kawowa shi ne israfi a halastaccen abu ake yin shi, sai dai an zarce buƙata, shi kuwa almubazzaranci kuɗin ne aka kai inda bai kamata su je ba tun farko. An ruwaito daga sahabi Abdullahi ɗan Mas'ud cewa almubazzaranci shi ne ciyarwa ba bisa haƙƙi ba, Mujahid, malamin tafsiri cikin magabata, kuma ya ce da mutum zai ƙarar da duk dukiyarsa a kan gaskiya bai zama almubazzari ba, da kuma zai kashe mudu ɗaya a kan ɓata ya zama. Misali mai sauƙi, uwargida ta dafa shinkafar mutum ashirin a gidan mutum shida aka kwana aka zubar da saura, wannan israfi ne, dan shinkafa halal ce yawan ne ya yi yawa. Maigida kuma ya karɓi albashi ya tafi shagon caca ya zuba a wasan ƙwallo yara suna gida ba kuɗin makaranta, wannan almubazzaranci ne ko naira 2,000 ce.

Sai dai fa a bakin mutanen gari wannan layin ba a bin shi sosai, almubazzaranci ta faɗaɗa ta cinye kusan duk wata ɓarnar dukiya, israfi kuma ta koma kalmar wa'azi da ta iyaye, an fi jin ta a kan abinci da ruwa, musamman ruwan alwala. A Larabcin Alƙur'ani israfi ya fi haka faɗi nesa, har Fir'auna an siffanta shi da shi, amma a Hausa ba wanda zai ce azzalumin shugaba yana israfi yana nufin zalunci, sai dai a ce ya wuce gona da iri. Kuma kar ki ɗauka almubazzari kalmar Musulmi ce kaɗai, mu a Jos da Hausa ta zama harshen kasuwa da coci da masallaci gaba ɗaya, 'yan'uwanmu Kirista in suna ba da labarin nan na Luka sura 15, ɗan da ya karɓi rabon gadonsa ya tafi ƙasa mai nisa ya ƙarar da shi a shashanci, hoton almubazzari ne sak suke zanawa kuma kowa yana ganewa.

Wajen gina jimla, ana cewa ya yi almubazzaranci da kaza, amma israfi an fi cewa ya yi israfi wajen kaza ko a kaza. Yanzu ina jin 'yan jarida suna cewa ya almubazzarar da kuɗin, ana gane ta, amma a kunnena ya ɓarnatar da kuɗin ta fi sauƙin fita.

Namu na gida

Ɓarna ita ce uwa, ta fi duka faɗi. Ambaliya tana ɓarna, shanu suna ɓarna a gona, yaro yana ɓarna a ɗaki, gobara tana ɓarna. Saboda faɗin nan nata dole ki ɗaure ta da wani abu in kuɗi kike nufi, ɓarnar kuɗi, ɓarnar abinci, ɓarnatar da dukiya. Amfaninta shi ne ba ta buƙatar jin daɗi, mutum zai iya ɓarnar abu bai more shi ba sam. Yaron da ya bar famfo a buɗe ya tafi wasa a unguwar da mutane ke sayen ruwa jarka jarka wajen 'yan garuwa, ɓarna ya yi, ba za ki ce ya yi bushasha ba. In kina shakkar wacce za ki sa a labari, ɓarnatar da ita ce mafi aminci dan ba ta ɗauke da zagi mai yawa. Amma ki kula da maɓarnaci, ita ta fi karkata ga mai lalata abu ko mai ta'adi, ba lallai mai kashe kuɗi ba.

Facaka kalma ce mai hoto, kunnena kullum yana haɗa ta da faca-faca. Yara suna facaka da ruwa, an yi facaka da abinci a wajen biki, wane yana facaka da kuɗi. Abin da ke cikinta shi ne rashin ganin darajar abu, ana watsa shi kamar ba da gumi aka samo ba. Shi yasa ta fi dacewa da ɗan da ya ci gado, ko wanda kuɗi suka faɗo mishi dare ɗaya, irin wanda Hausawa ke cewa garin banza a farau-farau ɗin banza yake ƙarewa. Ba ta da sunan mai yi, ba a cewa mafacaki, sai dai mai facaka. Kuma kalmar hira ce da kanun labari mai zafi, ba ta takardar ofis ba.

Wadaƙa tana kusa da facaka sosai har wasu ba sa raba su, amma akwai ɗan bambanci da ya kamata mai rubutu ya ji. A wadaƙa akwai yalwa, abin ya samu ne da yawa ake ɗiba ba lissafi, kuma ba kullum take zargi ba. In aka ce ranar Babbar Sallah yara sun yi wadaƙa da nama ba wanda ya yi laifi, murna ce ma. Amma in kika ce sun yi facaka da nama toh kin nuna an wulaƙanta shi, an tattaka an zubar. Manyanmu da suka ga ƙarin albashin Udoji a zamanin Gowon, wajen 1974 zuwa 1975, lokacin da ma'aikata suka karɓi ariyas a dunƙule aka yi ta sayen babura da rediyo da talabijin, in suna ba da labarin wadaƙa ce kalmar da ta fi zama daidai, dan kuɗin haƙƙinsu ne kuma sun zo da yawa lokaci guda. Wadaƙa tana zama zargi ne in abin ba naka ba ne, kamar a ce suna wadaƙa da dukiyar marayu.

Bushasha, fantamawa, sharholiya da holewa su kuma sun fi kallon irin rayuwar da mutum yake yi, ba kuɗin da suka fita ba. Bushasha rayuwar jin daɗi ce ta manyan gidaje da motoci da fita waje hutu, mai kuɗin da ya fi ƙarfin abin da yake kashewa zai iya bushasha shekara da shekaru dukiyarsa ba ta girgiza ba. Fantamawa akwai sakewa da walwala a ciki, wane ya samu yana ta fantamawa. Sharholiya kuwa ki yi hattara da ita, tana jan ƙamshin shashanci, mata da shaye-shaye da kwanan otal, in kika rubuta cewa wani bawan Allah yana sharholiya alhali mota kawai ya saya kin taɓa mutuncinsa. Holewa ta samari ce, mai sauƙi.

Sai wanda ake yi dan idon mutane. Nan kalmomin su ne fariya, burga, ƙarya, kece raini, ganin ido. Rayuwar ƙarya a Hausar yanzu ba tana nufin mutum yana faɗin abin da ba haka ba da baki, tana nufin yana nuna arzikin da ba shi da shi. Bikin da aka ci bashi aka yi kamu da dina da anko kala uku aka kama hol mai tsada a unguwar Rayfield ta Jos, aka jera akwatunan lefe ana ɗauka a waya ana sawa a TikTok, bayan wata biyu masu bin bashi suna sallama a ƙofar gida, in kika kira shi almubazzaranci ba ki yi kuskure ba amma ba ki taɓo ciwon ba, ciwon shi ne ƙarya da gasa. Liƙi ma a nan yake, kuma shi har doka ta shigo ciki da tata kalmar daban, wulaƙanta naira. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙa kuɗi da taka su da rawa a kansu a wajen biki, hukuncin ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC mai yaƙi da laifukan kuɗi ta gurfanar da wasu fitattun mutane a kan haka har aka ɗaure wani. Dan haka in labarin kotu kike rubutawa a kan liƙi, wulaƙanta naira za ki ce, dan kotu ba ta tuhumi kowa da almubazzaranci ba.

Inda kuskuren ya fi tsada

Yanzu mu zo kan almundahana. Abin da ya sa ake haɗa su ina ga amo ne kawai, duk da almu suka fara, duk dogaye ne, duk a labaran gwamnati ake jin su. Amma almundahana ha'inci ce, cuta ce da aka lulluɓe da takarda, an rubuta kwangila ba a yi ba, an ƙara sifili a rasit, an sa sunayen ma'aikatan bogi ana karɓar albashinsu. 'Yan'uwanta su ne sama da faɗi, wawure, handama, babakere, ruf da ciki, karkatar da kuɗi, kashe mu raba. Watanda ma ta shigo layin nan, asalinta abu ne mai kyau, mutane su haɗa kuɗi su sayi sa a yanka a raba kashi kashi, amma in aka ce an yi watanda da kuɗin ƙaramar hukuma ana nufin an zauna an raba a tsakanin juna.

Ki duba bambancin a aikace. Gwamnati ta sayo wa manyan jami'ai jerin motoci masu tsada alhali asibitin gari ba magani, kuɗin suna cikin kasafi, motocin sun zo kowa ya gan su, wannan almubazzaranci ne, abin Allah wadai ne amma ba lallai kotu ta kama kowa ba. In kuma an fitar da kuɗin motocin ba a ga ko taya ɗaya ba, wannan almundahana ce, sata ce, akwai wanda ya kamata ya amsa tambaya. Wallahi abin yana damuna in na ga an rubuta ana zargin wane da almubazzaranci da naira biliyan kaza alhali tuhumar da ke gaban kotu ta sata ce, dan mai karatu zai tashi da tunanin mutumin hannunsa ne kawai ba ya riƙe kuɗi, an wanke shi da kalma ɗaya ba tare da an sani ba. Ta ɗaya gefen kuma ya fi haɗari gare ki ke mai rubutu, in kika ce wane ya yi almundahana alhali abin da kike da hujja a kai kashe kuɗi ne ba bisa ƙa'ida ba, kin kira shi ɓarawo a bainar jama'a, kuma zai iya maka ki a kotu kan ɓata suna. A ɗakin labarai in ƙaramin ma'aikaci ya kawo min fassara irin wannan tambaya ɗaya nake mishi, kuɗin an ga abin da aka saya da su ko sun ɓace? In an gani toh muna maganar almubazzaranci ko ɓarna, in sun ɓace mun koma almundahana ko sama da faɗi, kuma ko a nan sai an sa ana zargin har sai alƙali ya yanke.

Akwai kuma abin da yake kama da almubazzaranci amma ba shi ba ne, kuma adalci ne a raba su. Na farko asara. Kwandunan tumatir da ke ruɓewa a kasuwar Farin Gada ta nan Jos saboda mota ta lalace a hanya ko kasuwa ta cika ba wurin ajiya mai sanyi, manomin bai yi almubazzaranci ba, asara ya tafka, jaje ake mishi. Haka dukiyar da ta ƙone a gobarar babbar kasuwar Taminus ta Jos a 2002, asara ce, ta salwanta. Ita asara samun mutum take yi, shi kuwa almubazzaranci mutum ne yake yi da hannunsa. Na biyu kyauta da sakin hannu. Mutumin da ke ciyar da unguwa da azumi, ko yake biya wa marayu kuɗin makaranta har wasu suna cewa zai talauce, karamci yake yi. Sayyidina Abubakar ya taɓa kawo duk dukiyarsa sadaka kuma ba a taɓa kiran haka almubazzaranci ba, maganar Mujahid ɗin can da na kawo ita ce ma'aunin.

Sannan ki dinga lura da bakin da kalmar ta fito. Marowaci, mai maƙo, mai tsumulmula, a wajensa ko nama aka sa a miya sau biyu a sati almubazzaranci ne, kuma na sha ganin magidanta suna fakewa da kalmar suna ƙuntata wa iyali alhali suna da hali, ga shi ayar Furƙan ɗin da ta hana israfi ita ce dai ta hana ƙuntatawa. Kishiyar almubazzaranci ta gari ita ce tattali, ko tsimi da tanadi, rowa kuma ciwo ce daban. Ma'aunin ma yana motsi da hali da zamani. Kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 gidaje da yawa suna barin janareta har asuba ba wanda ya ce komai, yanzu in mai matsakaicin albashi ya yi haka matarsa ma za ta ce israfi ne. Abin da yake daidai ruwa daidai tsaki ga attajirin Abuja zai iya zama ɓarna ga malamin firamare a Anguwar Rogo, shi yasa nake ganin bai kamata mai rubutu ya yi saurin jefa kalmar a kan talakan da ya ɗinka wa 'ya'yansa kayan Sallah masu ɗan kyau ba.

Bayanin nan nawa na harshe ne, kuma da kunnen Hausar Jos da ta kafafen labarai na auna shi, Basakkwace ko mutumin Damagaram zai iya jin nauyin wadaƙa ko facaka ya ɗan bambanta da yanda na faɗa, in masu karatunki 'yan can ne ki saurari yanda suke faɗa. Hukuncin shari'a kuma, wato daga ina daidai kashe kuɗi yake zama haram ko makaruhi, wannan fagen malaman fiƙihu ne, gare su za ki kai.

Game da gajiyar da kika ce kin yi da maimaitawa, ba dole ba ne sai kin nemo wata kalmar suna ta maye gurbi. Hausa ta fi son aikatau da hoto. Ki faɗi almubazzaranci sau ɗaya a farkon rubutun, daga nan ki ce ya ɓarnatar, ya ƙarar, ya yi wa kuɗin ɗibar karan mahaukaciya, hannunsa ba ya riƙe kuɗi, bai san zafin nema ba, ko kawai ki faɗi abin da ya saya da nawa ya saya ki bar mai karatu ya yi hukuncin da kansa. In kuma rubutun na kotu ne ko na rahoton odita, ki riƙe kalma ɗaya tun daga sama har ƙasa ko za ta fito sau goma, dan duk lokacin da kika canza ta mai karatu zai ɗauka wata sabuwar tuhuma ce aka ƙaro.